Kwana Uku a Sabon Badun: Keke, Babur da Hular Kwano

Da assalatu muka shiga Badun, bayan mun wuni mun kwana bisa hanya. Daga Kaduna muka tashi da hantsi, muka bi ta Suleja da Bida da Mokwa, muka haye kogin Kwara a gadar Jebba cikin dare, sa'an nan Ilori da Ogbomosho da Oyo, har direba ya taka birki a tashar Ojoo ya ce jama'a a sauka, an iso. Ban gama miƙe ƙafafuna ba sai ga samari sun yanyame ƙofar motar, kowa bisa babur, kowa na kiran fasinja. Na zaci Yarbanci zan fara ji a garin Yarbawa, sai na ji Sakkwatanci tsantsa, sai ka ce a tashar Illela aka sauke ni.

Na zaɓi wani yaro siriri wanda bai fi shekara ashirin ba, na ce ya kai ni Sabo. Muka yi ciniki, na hau. A wuyan babur ɗin akwai hular kwano rataye tana lilo, ta sha rana har launinta ya koɗe, igiyar haɓarta kuwa ta tsinke gefe guda. Na ce, "Samari, wannan hula taka ce ko tawa?" Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ta masu kaki ta. In mun hange su sai in aza." Ashe kuwa gaskiya ya faɗa. Muka wuce ƙofar Jami'ar Ibadan, muka bi ta Sango, muna dab da gadar sama ta Mokola ya hango ma'aikatan hanya tsaye. Bai ko rage gudu ba ya miƙa hannun hagu ya fizgo hular ya kifa bisa tashi-ka-fiya-nacinsa. Muna wuce su ya cire ta ya mayar inda take. Ni da ke baya kuwa, ba abin da ke tsakanin kaina da kwalta sai hula zanna bukar da addu'ar fita daga gida.

Edita ya aiko ni ne in dubo yadda 'yan canjin Sabo ke fama da hawa da saukar dala. Na yi masa wannan aiki, ya kuma karɓa. Amma 'yar tafiyar nan ta rabin sa'a ita ta tsaya mini a rai, ita ce kuma na bi ta kanta a kwana ukun da na yi a unguwar.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Sabo unguwa ce ƙarama idan aka gwada ta da girman Badun. Tana kwance a gindin tudun Mokola, filin wasa na Adamasingba na maƙwabtaka da ita, kasuwar Dugbe da dogon benen nan na Cocoa House wanda aka gina da kuɗin koko a 1965 ba su da nisa. A shekarar 1916 aka yanka wa Hausawa wannan wuri, aka tattaro su daga cikin tsohon gari inda a da suke zaune a gidajen Yarbawa. Lokacin nan jirgin ƙasa ya riga ya haɗa Ikko da Badun tun 1901, layin dogo ya kuma isa Kano a 1911, saboda haka shanu na gangarowa Kurmi, goro na hawa Arewa, Sabo kuwa tana tsakiya tana karɓa tana miƙawa. Yau in ka shiga za ka tarar da lunguna matsattsu, rufin kwano da ya yi ja don tsatsa, 'yan canji zaune bisa benci suna yafuto duk motar da ta rage gudu, maɗinka masu aikin surfani, mai shayi da teburinsa, da hayaƙin tsire da balangu wanda ke jawo Yarbawa daga can ƙarshen gari da zarar magariba ta yi. Yaran da aka haifa a nan, har da jikoki da tattaɓa-kunne, suna juya harshe daga Hausa zuwa Yarbanci a cikin magana ɗaya ba tare da sun lura ba.

Wani Bature masanin zaman jama'a mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar a 1962 da 1963, ya kuma buga littafi a kanta a 1969. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne sha'anin mai gida. Ga yadda abin yake. Falke ya iso da garken shanu daga Arewa, ba ya jin Yarbanci, bai san kowa ba. Ba shi da damar jira, domin ƙudan tsando ba ya barin saniya ta daɗe a Kurmi. Mahautan Yarbawa kuwa ba su da tsabar kuɗin biya nan take, sai sun yanka sun sayar. To, sai mai gida ya saukar da baƙon, ya ciyar da shi, ya sa dillalansa su nemo mai saye, a ba da shanun bashi, shi mai gida ya tsaya lamuni. In mahauci ya ci amana, mai gida ke da ɗawainiya, shi kuwa mahaucin ya rufe wa kansa ƙofar bashi a kara. Ba banki, ba lauya, ba takardar yarjejeniya, amma dubban shanu suka yi ta canja hannu shekara da shekaru a kan sunan mutum da mutuncinsa. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, gama za mu komo kansa.

Abin da na fara nema a Sabo shi ne keke. Mu da muka tashi a garuruwan Arewa mun san mai hayar keke na unguwa, da 'yan kekunansa jere a inuwar dalbejiya da agogonsa a hannu. Ka ba shi 'yan kuɗin da ka tara na kashewa a makaranta, ya ba ka keke na minti goma sha biyar, ka je ka faɗi ka tashi, ka dawo da gwiwa a kurje, ya duba sarƙa da birki kafin ya dube ka. Da yawanmu a nan muka koyi hawa, ba don iyayenmu sun iya saya mana ba. Babu wanda ya kira wannan da wani babban suna, babu kwamiti, babu taron buɗewa, amma ya sa ɗan talaka a kan sirdi.

Na zaga na zaga kafin in sami mai gyaran keke guda, wani dattijo da ke zaune a wata rumfa a bakin lungu, da bokitin ruwa na neman huji da tsohon famfo. Na yi sallama, na ce, "Baba, sannu da aiki." Ya amsa, ya share mini gefen benci. Kekuna biyu kawai na gani a wurinsa, sauran aikin duk facin tayar babur ne da ta baro. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni sai ya ajiye abin da ke hannunsa, hira ta ɓalle. Ya ce yana yaro, dillali bisa keke yake zuwa tashar jirgi ya tari kaya, malamin makaranta da akawu da ɗan aiken kanti duk keke ne abin hawansu, kuma saurayin da ya mallaki Raleigh sabo fil ba ya shan wahalar neman aure. Wannan ba ƙari ya yi ba. Keken Raleigh na garin Nottingham ta Ingila ya sami kasuwa a ƙasar nan ƙwarai, har masana'antar haɗa shi aka yi a Kano. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya shigo da araha.

Na tambaye shi me ya kori keke. Ya ce abu uku: kuɗi, tudu, da mota. Kuɗi, watau tun daga ƙarin albashin Udoji wanda aka biya ma'aikata a 1975, lokacin da kowa ya jingine keke ya sayi Vespa ko Honda, hawan keke ya koma alamar rashi. Tudu kuwa, kowa ya san Badun bisa tuddai bakwai take zaune, shi ya sa sunayen unguwanninta da yawa ke farawa da Oke, irin su Oke Ado da Oke Are da Oke Bola. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano, in ya tunkari hawan Mokola da keke sai ya sauka ya tura. Amma na ukun ya fi sauran muni. Na tsaya a bakin titi na kalli yadda ƙananan tasi ɗin nan ƙirar Micra ke yanko hanya su tsaya duk inda suka ga fasinja, babura na kutsawa ta dama da hagu, manyan motoci na danna ƙaho, na rasa ta inda uba mai hankali zai saki ɗansa bisa keke. A duk inda na bi ban ga an keɓe wa mai keke ko taku ɗaya na titi ba. Waɗanda na ga sun jure su ne masu tallan yogot da kayan sanyi na kamfanin Fan Milk, wanda ya kafa masana'antarsa a Eleyele ta nan Badun tun farkon shekarun 1960. Su dai har yanzu suna nan da akwatinsu a gaban keke, suna tura shi a tudu suna hawa a gangare, kai ba kariya.

Ba a rasa masu yi wa keke kirari daga sama ba. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Cif Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a su koma hawan keke, har ya riƙa zuwa ofis a kansa a Abuja, sai wata rana mota ta ture shi ya faɗa kwata. Mutane suka yi ta dariya, alhali kuwa abin da ya same shi ya isa hujja cewa matsalar tana ga titin, ba ga keken ba. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 3 ga watan Yuni ta zama ranar keke ta duniya, a kan ga manya sun fito da kayan wasanni sun zaga gari an ɗauki hoto. Abin da ya motsa talaka dai shi ne janye tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayu 2023, lokacin da litar da ba ta kai naira 200 ba ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Dattijon ya ce tun daga nan aka soma fito masa da tsofaffin kekuna daga bayan ɗaki, wasu tayarsu ta ruɓe, wasu gizo-gizo ya yi saƙa a cikinsu. "Ɗana," in ji shi, "yunwa ta tuna musu da ni."

Amma yau ba keke ke ɗauke da samarinmu a Badun ba, babur ne, akasari ƙirar Bajaj ta ƙasar Indiya. Yadda aka yi suka taru a nan ba ɓoyayyen abu ba ne. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006. An hana a Kano a watan Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Ikko ta taƙaita shi a Fabrairu 2020, ta kuma hana shi ɗungum a ƙananan hukumomi shida tun daga 1 ga Yuni 2022, aka riƙa kama babura ana niƙe su. Duk lokacin da aka rufe wata ƙofa, sai igiyar ruwan ta kwararo inda ke buɗe. A bayansu kuma ga ƙauyukan Zamfara da Sakkwato da Katsina inda 'yan bindiga suka hana noma. Yaro ya bar gona ya shiga bayan motar shanu, ya sauka a Akinyele ko Sasa, wani ɗan garinsu ya haɗa shi da mai babur, a koya masa tuƙi cikin kwana biyu ko uku, shi ke nan ya zama ɗan acaɓa. Kullum akwai balas da zai kai wa mai babur kafin ya ci nasa, saboda haka gudu ya zame masa dole. Galibinsu ba a Sabo suke kwana ba, amma Sabo ce uwa. A nan ake sallar Juma'a a ga 'yan'uwa, a nan ake aika saƙo gida, a nan kuma ake kawo labari in abu ya faru.

Abin takaici, garin nan shi ne mahaifar aikin kiyaye haɗurra a Nijeriya. A 1977, zamanin gwamnan soja David Jemibewon, wanda titin da ke gefen Sabo ke ɗauke da sunansa, aka kafa rundunar kiyaye haɗurra ta Jihar Oyo. Shehun malami Wole Soyinka na cikin waɗanda suka tsaya mata, saboda yawan ɗalibai da abokan aiki da ya rasa a hanyar Ife zuwa Badun. Rundunar ta yi aiki har 1983. Da Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ƙasa a 1988, shi aka naɗa shugabanta na farko. Wannan hukuma ce ta tilasta sa hular kwano tun daga 1 ga Janairu 2009, ga direban babur da fasinjansa.

Ina ɗalibi a lokacin, kuma na ga abin da ya biyo baya da idona. Farashin hula ya tashi dare ɗaya. Masu babur suka shiga kifa ƙoƙo da ƙwarya a ka, wasu su shafa musu fenti su ɗaura igiya, wasu tukunyar roba, wasu hular leburorin gini. Labarin ya kai har gidajen rediyon Turai, duniya ta yi mana dariya, an kifa ƙoƙo bisa ƙoƙon kai. Fasinjoji kuma suka ƙi, wannan ya ce ƙwarƙwata da makero, wancan ya ce an yi wa hular asiri, in ka sa sai ka bi mutum ba ka san inda za shi ba. Mai babbar riga ya ce ina zai kai hularsa, uwargida ta ce ba za a rushe mata goggoro ba. Ba a yi nisa ba abin ya lafa. Dokar tana nan ba a soke ta ba, amma ta koma irin abin da yaron nan ya nuna mini a Mokola, watau harajin wucewa gaban mai kaki.

Bayan doka, kamfani ma ya gwada. A 2020 wani kamfani mai suna SafeBoda daga Kampala ta ƙasar Uganda ya zaɓi Badun ya fara aiki, ba Ikko ba. Ana kiran babur ta wayar hannu, direba ya zo da rigarsa ruwan lemo, an horar da shi, yana da hula tasa da ta fasinja. Mutanen da na zanta da su sun yaba da tsarin. Sai dai a watan Disamba 2022 kamfanin ya tattara ya bar Nijeriya, ya ce sana'ar ba ta biyan kanta. Har yanzu a kan ga ɗaiɗaikun hulunan nan masu ruwan lemo a titi, sun koɗe. Ita kuma Gwamnatin Jihar Oyo, daga ƙarshen 2023 ta shiga yi wa 'yan acaɓa rajista da ba su riguna masu lamba, domin a san wane ne wane. Wannan ya yi kyau ta fuskar tsaro, amma riga ba ta kare kai.

Ya kamata a bayyana abin da hular ke yi, gama na lura da yawa daga cikin samarin nan sun ɗauka taurin bayanta shi ne maganin. Ba haka ba ne. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi da ke iyo cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. In kai ya bugi kwalta ya tsaya cak, ita ba ta tsaya ba, sai ta je ta bugi ƙashin daga ciki, jijiyoyi su tsinke, jini ya taru inda ba shi da mafita. Shi ya sa za ka ga mutum ya faɗi ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ba rauni a waje, zuwa dare ya soma amai, kafin safiya ya cika. Aikin hula ta gaskiya yana ga farin soson nan mai tauri da ke cikinta, irin wanda a kan tarar a kwalin sabuwar talabijin. Shi ke lotsawa ya shanye bugun, ya sa kai ya tsaya a hankali. Ɓawon waje aikinsa ya watsa ƙarfin bugun ya kuma hana abu mai tsini shiga. Igiyar haɓa kuwa ita ke riƙe duka, in ba a ɗaura ta ba hular ce ke fara tashi kafin mutum ya kai ƙasa. Hular magina ba ta da wannan soso, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama. Hular keke mai huji-huji tana da shi, amma an auna ta ne da gudun keke, ba ta isa babur ba. Kuma duk hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba, abin da ya sa sayen ta gwanjo ya zama caca. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Ta kuma ce hula mai inganci da aka ɗaura daidai tana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida, tana rage raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100.

A rana ta biyu, bayan sallar la'asar, wani ya miƙe a masallacin da na yi salla ya yi sanarwa. Wani yaro ɗan acaɓa ya yi karo, yana kwance a asibiti bai san wanda ke kansa ba, ana neman taimakon hoton kai da magani. Aka shimfiɗa rawani, jama'a suka yi ta jefawa, mai ɗari biyu, mai dubu, har wani ɗan canji ya ajiye abin da ya fi na kowa bai ko ɗaga kai ba. Na ji daɗin ganin haka, kuma ba zan ɓoye ba, na ji haushi. Babban Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, yana nan kusa da Mokola, a can ne kuma Dokta Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a 1962, na farko a ƙasar nan. Gwanaye suna nan. Amma hoton kai guda ɗaya ya fi kuɗin hula mai kyau, balle kwanakin jinya, balle in ta ƙare da likkafani da kiran waya zuwa wani ƙauye a gaya wa tsohuwa. Kuɗin da ke cikin rawanin nan, da an tara shi wata guda kafin ranar, da ya rufe kawuna da dama.

Akwai kuma wani abin da mazauna Sabo suka fi ni sani. Haɗarin babur a garin da ba naka ba bai tsaya ga wanda ya faɗi ba. In fasinja ɗan gari ya mutu a bayan yaro Bahaushe, kafin a kai gawa asibiti magana ta zama ta ƙabila. Mutanen nan ba su manta da watan Fabrairu 2021 ba, lokacin da 'yar taƙaddama a kasuwar Sasa ta zama wuta, aka rasa rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje, mutane da yawa suka gudu. Saboda haka hular da ke kan fasinja tana kare fiye da kai ɗaya.

Da wannan tunani na je gaida wani dattijo daga cikin tsofaffin masu gida, wanda mahaifinsa ya saukar da fataken goro da na shanu a zauren da muka zauna. Na durƙusa na gaishe shi, aka kawo mini ruwa da goro ɗan Shagamu. Na ce, "Ranka ya daɗe, unguwar da ta iya lamuntar garken shanu ba takarda, yaya za ta kasa lamuntar kan yaro?" Ya yi shiru har na zaci na yi rashin kunya. Can ya ce, "Malam, baƙon da ubana ya lamunta, ya san ubansa, ya san garinsu, ya san baɗi zai dawo. Waɗannan yara wa ya saukar da su? A kan babur suke kwana. Yau yana Ojoo, gobe an ce ya tafi Akure. Ka lamunci wanda ba ka san inda za ka same shi ba?"

Maganarsa tana da nauyi, ban kuwa iya ture ta ba. Amma da na juya ta sai na ga ita ce ainihin ciwon. Yaran nan baƙi ne marasa mai gida, abin da Sabo ba ta saba gani ba. Duk da haka ba a ce ba su da kowa ba. Kowane babur yana da mai shi, kuma mai shi ya san inda zai sami yaron kowace yamma in lokacin balas ya yi. Shi ne mai gidan wannan zamani, ko ya yarda ko bai yarda ba. Mutumin da ya iya zuba kuɗin babur sabo ba zai ce hula biyu sun gagare shi ba. In masu unguwa da limamai da shugabannin tashoshin acaɓa, Hausawa da Yarbawa, suka tsaya a kan cewa ba a miƙa makulli sai da hula biyu masu igiya, wanda ya ƙi kuma a san shi kamar yadda aka san mahaucin da ya ci bashi, to, wannan ya fi shingen masu kaki goma. Waɗanda baburan nasu ne kuwa, ai adashi ba baƙon abu ba ne gare su. Tasha guda ta iya zuba kaɗan kaɗan kullum, a sayo da yawa a farashin sari, a kuma nemi ma'aikatan kiyaye haɗurra su zo su nuna wace ce ta gaskiya, wace ce kwano kawai. Maganar ƙyamar fasinja ma tana da magani mai araha, 'yar hular yadi a ciki wadda za a riƙa wankewa.

Na kuma kawo masa zancen yara da keke. Filin Adamasingba yana nan a ƙofar gida, da harabarsa mai faɗi. Ban ga abin da zai hana dattawan unguwa su nemi izinin hukuma na safiyar Asabar ba, attajirai su sayi kekuna goma ko ashirin da 'yan hulunansu, tsohon nan mai faci ya zama mai kula da su, yaran Sabo da na Mokola su koyi hawa tare. Yaron da ya saba jin igiya a haɓarsa yana ɗan shekara takwas, ba sai an kafa masa shinge ba ranar da ya hau babur. Dattijon ya yi murmushi ya ce mutanen jarida ba su rasa dabara, tun da ba su ke biya ba. Sa'an nan ya kira wani jikansa ya ce ya je Ogunpa gobe ya tambayo masa nawa ake sayar da hular, ta kirki, in mutum zai ɗauki dozin. Ya ce zai taɓa wa liman maganar bayan Juma'a, amma kada in rubuta cewa ya yi alkawari.

Ni kuwa ranar Alhamis na bar gari. Na kira yaron nan Basakkwace, gama na karɓi lambarsa, ya zo ya ɗauke ni zuwa tashar jirgin ƙasa ta Moniya, inda sabon layin Ikko da aka buɗe a 2021 yake. Kafin mu tashi na ce ya ba ni hular in gani. Na juya cikinta, babu soso ko kaɗan, sai wani tsumma da aka cusa don kada ta yi masa yawa. Na gaya masa abin da ke cikin hula ta gaskiya da abin da yake yi. Ya saurara da kyau, ya ce bai taɓa jin haka ba, shi dai a tasha ya gaje ta wurin wani da ya koma gida. Na tambaye shi ko mai babur ɗin zai saya masa sabuwa in ya roƙa. Ya ce, "Alhaji? Sai dai ya cire cikin kuɗina." Ya karɓi hular ya rataye ta a wuyan babur, ya ce in riƙe jakata da kyau, hanyar Moniya akwai manyan motoci.